Fankar da Ta Sauko Bene

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa. Yaya ƙafar nan taki, ta sake ki kuwa? Yaya Malam da yaran gida? Ni lafiyata ƙalau, sai zafin gari da ya sa kowa a gaba. Na rubuto ne maimakon in kira, don na san kunnenki da waya ba sa shiri, maganar kuma ba ta ihu ba ce.

Na san Yaya za ta kawo miki ƙarata, in ma ba ta riga ta kawo ba. Shi ya sa na ce gara ki ji daga wurina. Gaskiya ne, ni na hau tsani na sauke fankar ofishinta. Amma don Allah ki bari a karanta miki har ƙarshe.

Ginin da muke aiki ni da ita, wato ginin hukumar jami'a, dogon bene ne. Manya suna can sama, yadda mutum ya ƙara ƙanƙanta haka ofishinsa ke ƙara matsowa ƙasa. Tun da Yaya ta yi mini hanya aka ɗauke ni cikin masu gyara, ban taɓa ganin sabon abu ya shigo ginin nan a kwalinsa ba. Akwai sito, akwai mai sito da kujerarsa da rediyonsa, amma abin da ke ciki gwangwanayen fenti ne da suka bushe. In abu ya lalace, Oganmu ya rubuta takardar neman sabo, takardar ta hau sama, shi ke nan an rabu. Inda rufi ke yoyo mu ajiye bokiti. Inda daɓe ya fashe mu ɗora tukunyar fulawa a kai.

To su manya ba sa jiran takarda. Sai aka samo wata dabara tun kafin zuwana. In kan famfo ya lalace a banɗakin babba, sai a kwance na wanda ke bi masa a muƙami a saka masa. Shi ma wannan ba zai zauna haka ba, sai a kwanto masa na wanda ke ƙasa da shi. Haka za a yi ta yi da hannun ƙofa, da ƙwan fitila, da gilashin taga, har a zo kan wanda ba shi da bakin magana. Lalacewa a ginin nan ba gyara ta muke yi ba, Gwaggo. Rakiya muke yi mata tana sauka bene.

Makon jiya fankar ɗakin baƙin Magatakarda ta ƙone. Ita kaɗai ta ƙone, amma wuni na yi ina yawo da tsani a kafaɗa. Na sauke ta mataimakinsa na kai masa. Na sauke ta ofishin masu albashi na kai wa mataimakin. Masu albashi kuwa ba a ɓata musu rai a zauna lafiya, Oga ya ce maza a nemo musu. Ya leƙa nan, ya leƙa can, sai ya tsaya a ƙofar ofishin karɓar wasiƙu ya nuna mini silin da haɓa. Na matsa kusa da shi na ce, "Oga, yayata ce a nan, kuma tana da juna biyu." Ya ce, "Fankar ce ke da juna biyun?" Masinjoji suka kwashe da dariya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, matacciyar fankar ba a jefar da ita. Dole a rataye ta a ɗakin ƙarshe, don in masu ƙirga kaya sun zo su ga kowane ɗaki da fankarsa. Su ƙirga kawai suke yi, ba sa kunnawa. Don haka ni da hannuna na goge ta tas, na rataya wa Yaya ita a bisa kai. Tana zaune tana kallona ta ce, "Dogo, ka ɗaure ta da kyau, kar ta faɗo ta ƙarasa ni." Tun ranar ba ta ƙara amsa gaisuwata ba, ko a ofis ko a gida.

Ki gane, Gwaggo, fankar nan ba ta Yaya ba ce, ta jami'a ce, ni kuma ɗan aike ne. Ina nan ina neman hanya. Ki taya ni ba ta haƙuri.

Ɗanki,
Dogo

*

Dogo,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, Malam yana amsawa. Gaisuwa ta tsaya nan, don ba ita ta sa na ɗauki takarda ba. Tela maƙwabcinmu ne ke rubuta mini, na kuma ce masa kar ya sassauta ko kalma ɗaya.

Na sa an maimaita mini wurin nan da ka ce fankar ba ta Yaya ba ce. Ni kake gaya wa haka? Wato har ka yi girman da za ka riƙa nuna mana abin da yake namu da wanda ba namu ba? To ɗakin da kake kwana a gidan mijinta, naka ne? Aikin da kake taƙama da shi, wa ta bi ofis-ofis da ƙafarta tana roƙo har aka ɗauke ka? Ni da babanka a kan kakanni muka haɗu, ba ciki ɗaya muka fito ba. Da na so, ranar da ya rasu sai in yi ta'aziyya in ɗauki mayafina in tafi kamar kowa. Ban yi ba. Na ce wa 'yata ta riƙe ka kamar ƙaninta.

Yarinyar nan cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, kuma ka san yadda na farkon ya zo mata, ba mu ga ɗan da rai ba. Ta ce mini da azahar ɗakin nan kamar murhu yake, tana fifita da kwalin fayil. Tsawon nan da Allah ya ba ka, ashe na sauke wa 'yan uwa fanka ne.

Wannan al'adar taku ta kwance na ƙasa a kai wa na sama zalunci ce tsagwaronta. Duk mai hannu a ciki azzalumi ne, ko da tsani kawai ya riƙe. Wa ya gaya musu talaka ba ya jin zafi? Fatarsu daban ce?

Ba ni da doguwar magana. Ka mayar mata da fanka mai juyawa, ko ta ina za ka samo. In ba haka ba, na riga na gaya wa mijinta, wata na ƙarewa ka miƙa masa makullin ɗakinsa.

Gwaggonka

Dogo, ni ne tela. Akwai kalma biyu da ban rubuta ba, alƙalamina ya ƙi. Ka yi haƙuri da tsohuwa, tsoro ne ya kama ta.

*

Dogo,

Shiru? Direban da nake ba saƙonka ya zo, ya koma, ya sake zuwa, ba ko gutsuren takarda daga wurinka. Ashe ka kai matsayin da zan yi magana ka yi mini kunnen uwar shegu. An ce mini jiri ya kwashe ta a ofis, sai da aka yayyafa mata ruwa. Wallahi in wani abu ya sami cikin nan, kar ka sake ka tako ƙofar gidana, ko gaisuwar mutuwata ban ce ka zo ba. Watan saura kaɗan.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ke da Malam. A gaishe mini da tela, a ce na gode wa alƙalaminsa.

Ba raini ya sa kika ji ni shiru ba. Wasiƙunki biyu tare suka iso hannuna. Ta farkon direba ya cusa ta ƙarƙashin kujera ya manta, sai da ya zo ba ni ta biyu ya lalubo ta duk baƙin mai. A lokacin ne na gane abin da ya sa mijin Yaya yake ta kauce wa idona a tsakar gida.

Maganar da ta ɓata miki rai, ba gori na yi ba. Nufina ni ba ni da iko a kan fankar. Ni da aji nawa na yi a makaranta, da har zan iya saƙa magana in yi wa wani gori a takarda? Na san wanda ya riƙe ni. Ranar da jiri ya kwashe Yaya ma ni na ɗebo ruwan da aka yayyafa mata.

Tun kafin wasiƙarki ban zauna ba. Na je wurin masu albashi na roƙe su su saki fankar, tunda ɗakinsu yana da tagogi ta ko'ina. Shugabansu ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in na taɓa ta zan nemi sunana a ƙarshen wata in rasa. Na ce to bari in kai matacciyar kasuwa wurin mai naɗin waya ya tashe ta. Oga ya ce kayan jami'a ba ya fita ƙofa sai da takarda daga sama, in na gwada masu gadi za su riƙe ni a matsayin ɓarawo. Ki duba fa, Gwaggo. In rataye gawar fanka a kan mai ciki ba laifi ba ne, in kai ta gyara ne laifi. Na hau sama neman takardar, sakatariya ta ce in dawo. Na dawo, ta ce in dawo. Tana magana iska tana kaɗa mata ɗankwali.

Da na ishi Oga da naci sai ya ce, "Kai Dogo, har yanzu ba ka gane aikin nan ba. Sama kake ta kallo. A ginin nan ƙasa ake kallo." Ya juya ya ci gaba da shan shayinsa.

Ɗaki ɗaya ne mai fanka ya rage a ƙasan na Yaya. Wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar baya, ba taga, inda mata masu shara ke ajiye bokitai da tsintsiya, su yi sallah, su ɗan miƙe ƙafa da rana. Suna da wata tsohuwar fanka da ta tsira shekara da shekaru don kawai tana ƙara, manya ba sa son ƙararta. Babbarsu wata dattijuwa ce, kowa Iya yake ce mata. Tun farkon zuwana, in ta ga na sauko daga rufi ina zufa, ita ke miƙo mini ruwa a kofinta.

Na karanta wasiƙunki da safe, da rana na shiga wurinsu da tsani. Iya ta ce, "Alhamdu lillahi, yau an tuna da mu. Ƙarar nan ka zo gyarawa?" Ni dai na kafa tsani. Ita da kanta ta riƙe mini tsanin, tana cewa in bi a hankali, uwata ba ta da wani Dogon a ajiye.

Na kai fankar ofishin Yaya, na sa mata mai, na ɗaure fukafukan, ƙarar ta ragu. Na ɗauko matacciyar na dawo. Iya ta sake riƙe tsani. Da na sauko ta danna makunni. Shiru. Ta kashe ta sake dannawa. Sai ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan ai na san ta. Ni nake share mata yanar gizo a ofishin yayarka." Ɗaya daga cikin matan ta taso, "Kai ɗan..." Iya ta ce, "Ƙyale shi, aiko shi aka yi."

Gwaggo, ba wanda ya aiko ni. Oga nuni kawai ya yi, ƙafata ce ta kai ni.

To ga shi nan, an yi abin da kika ce. Yaya tana shan iska, kumburin ƙafar ma ta ce da sauƙi. Jiya ta amsa gaisuwata har ta tambaye ni ko na ci abinci.

Ɗanki,
Dogo

*

Dogo ɗan albarka,

Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan babanka, ya ba ka mata mai jin ƙanka. Da ma na san jininmu ba ya ƙarya. Yayarka ta aiko mini cewa har wani ɗan barci take sata bayan azahar. Na yi kwanan daɗi, ƙafar ma ta sake ni. Maganganun da na faɗa a baya ka zubar da su, ɓacin rai ne. Makulli kuwa ka riƙe abinka, na gaya wa mijinta.

Na ji kana ta jimamin masu shara. Kai ma da tausayin tsiya kake, kamar babanka. Su ai ba wuni suke yi a ɗakin ba, yawo suke yi da tsintsiya, kuma jikinsu ya saba. Akwai mai ciki a cikinsu ne? In ka ga Iyar nan ka gaishe ta da kyau, shi ke nan magana ta wuce.

Yanzu tunda ka gane hanya, ga wani ɗan abu. Yayarka ta ce gilasai biyu na tagarta sun daɗe da fashewa, ga damina na tafe, feshin ruwa zai riƙa dukanta ita da takardunta. Sanyi ba shi da kyau ga mai ciki. Ka duba wani ɗaki can ƙasa-ƙasa ka zaro mata. Ɗakin maigadi ba shi da taga ne?

Gwaggonka mai sa maka albarka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da ƙafar ta sake ki, Allah ya ƙara sauƙi. Yaya lafiyarta ƙalau, an ce haihuwa ta kusa, Allah ya raba lafiya.

Albarkar da kika sa mini ki riƙe ta tukuna, ba a kan wannan aikin nake son ta ba. Tela ɗaya ne ya rubuta miki wasiƙun nan duka, ki tambaye shi ko ya ji kamar daga baki ɗaya suka fito.

Kin tambaya ko akwai mai ciki a cikin masu shara. Ban sani ba, ban tambaya ba, kuma ranar da na ɗauki tsani ma ban tambaya ba. Abin da na sani shi ne lungun nan yanzu ba ya shiguwa da rana. Kan matakalar baya suke zama, su shimfiɗa ɗankwali su yi sallah a nan, mutane suna tsallake su. Shekaranjiya sakatariyar sama ta sauko ta wanke su tas, wai suna ɓata wa gini kyau, wai ba an ba su ɗaki har da fanka ba? Ina tsaye da guduma a hannu aka yi. Iya ta dubi matar, ta dube ni. Har yau in na sauko daga rufi tana miƙo mini ruwa. Da zagina take yi da na fi samun sauƙin haɗiyewa.

Na gaya wa Yaya daga inda fankarta ta fito, don ashe ba ta sani ba. Ta ɗaga kai ta kalle ta, ta ce, "To yaya zan yi, Dogo?" Ba ta kashe ba. Ban ga laifinta ba, ko ni ne da cikin nan ba zan kashe ba. Amma na faɗa mata, na faɗa wa Oga, yanzu ina faɗa miki: ranar da ta tafi hutun haihuwa zan mayar wa su Iya fankarsu, kuma in ta dawo ba zan sake sauke ta ba. A lokacin sai ita da masu albashi da na sama su san yadda za su yi da gawar.

Maigadi kuwa yana da taga, Gwaggo. Tsoho ne mai tari, gilasan nan su ke tsare shi daga iska. Ba zan taɓa su ba.

Na san ranar da na mayar da fankar za ki sake aiko mini da maganar makulli, sai na ga gara in hutar da ke da tela. Na miƙa wa mijin Yaya abinsa da safen nan. Ya yi ta rantsuwa ba shi ya ce ba, na ce na sani. Na kwashe tabarmata da akwatina na koma shagon masu gyara da ke bayan gini. Oga bai hana ba, ya samu mai tsaron kaya a ɓagas. Akwai benci, akwai famfo a waje, in dai ba a zo an kwance shi ba.

Maganar gilashi ban manta ba. Na auna tagar Yaya, gilasanta daidai suke da na tagar ɗakin da na tashi daga ciki. A gidan Yaya ni ne na can ƙasa, don haka daga wurina ya kamata a zaro. Na zare guda biyu, na naɗe su a tsumma na jingine a bayan ƙofa. Mijinta ya kai mata ofis, ni zan saka. Ruwa in ya so ya shiga, ba kowa a ɗakin.

Ki gaishe da Malam da yaran gida.

Ɗanki, in har yanzu kina so,
Dogo